Kada a Gaya wa Motar

Babana dogo ne. Ni guntu na fito, irin dangin Mama. Abokan aikinsa Dogo suke kiransa, da na fara binsa wurin da suke jiran fasinja sai suka laƙaba mini Ragowar Dogo, wai ƙyallen da ya saura ne aka ɗinka ni da shi. Ni ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba. Shi kuwa har hawaye yake yi.

Motar ce abu na ƙarshe da ya saya. Ta hannu ce, baƙa, amma ta zamani, irin wadda ta fi wasu mutanen wayo. Shekara da shekaru yana tuƙa ta mutane kafin ya kai ga tasa. Da ita yake kai fasinja filin jirgi, da asibiti, da duk inda mai kiran waya ya ce.

Makulli biyu ta zo da su, irin masu maɓallin dannawa, kowanne da direbansa a ƙwaƙwalwarta. In aka danna na farko, tun kafin a taɓa ƙofa kujerar direba za ta ja baya da kanta, a hankali, tana ɗan gurnani. Ta kwanta kaɗan saboda ciwon bayansa. Madubai su buɗe, sitiyari ya ɗago. Allon da ke gaba ya kawo haske, ya yi maraba da sunan da ya rubuta mata. Bai rubuta sunansa ba. Direban Madam ya rubuta.

Ranar da ya nuna wa Mama ta ce, "Kai dai ba za ka girma ba."

Ya ce, "Gaskiya na gaya mata, Madam. Mota ba a yi mata ƙarya, sai ta ajiye ka a hanya."

Makulli na biyu nawa ne. Shi ya saita mini bayan na gama sakandare na samu lasisi, yana ta tura kujerar gaba yana tambaya ko a ƙara mini filo.

Da safe ya rasu, a kujerar falo, takalmi ɗaya a ƙafarsa ɗaya a hannunsa. Likita ya ce jininsa ne ya hau. Ba ni da abin da zan ƙara a kan wannan.

Da mutane suka daina zuwa ta'aziyya, gida ya koma mu uku, ni da Mama da ƙanwata Auta, sai na karɓi wayarsa da fasinjojinsa. Makullinsa kuwa Mama ta riƙe.

Kullum da safe, kafin ta ɗauki tsintsiya, sai ta fita zuwa rumfar kwanon da motar ke kwana. Ta danna. Ta tsaya har kujerar ta gama tafiyarta. Sannan ta zagaya ta shiga ɗaya ɓangaren, inda take zama, ta rufe ƙofa. Ba ta kuka. Ba ta magana, na sha leƙawa ta tagar ɗakina. Wani lokacin ta tsince zare daga kujerarsa, wani lokacin ta kunna rediyo a tashar da ya bari. Can sai ta fito, ta kulle, ta kama shara.

Sai ni in fito da nawa makullin in danna, kujerar ta rarrafo gaba. Haka kowace safiya nake tashin Baba daga wurin zamansa.

Batir ɗin da motar ta zo da shi ya fara gajiya. Da farko ta daina wani hali nata. Da, in aka tsaya a danja, injin yakan mutu da kansa, a saki birki ya tashi. Baba yana cewa ta fi shi tattali. Ta daina wannan. Daga baya in zan tada ta sai ta yi nishi tukuna, kamar tsoho zai miƙe daga tabarma. Sai kuma wani rubutu ya fito a allon ya ƙi tafiya.

Muna cin abinci na faɗa musu sai an canza batir.

Auta ta ce, "An ce irin waɗannan motocin in aka cire musu batir komai gogewa yake yi. Kamar waya in ta faɗa ruwa."

Mama ta ajiye cokali. "Wa ya ce?"

"Yayan ƙawata."

Na ce, "Yayan ƙawarki keke ma bai da shi."

"Kai da kake da mota ai sai ka miƙe tsaye kake ganin titi."

Mama ba ta tsawatar mana ba, ba ta kuma ƙarasa abincin ba. Washegari na fito na same ta a cikin motar, da mayafinta da jakarta, ta riga ta sa bel.

Mutum ɗaya Baba yake bari ya taɓa wutar motar. Abokinsa ne tun suna samari, mai gyaran wayoyin mota, kowa Rewaya yake ce masa. Shagonsa yana ƙarshen layin makanikai, bayan masu bugun ƙarfe, inda ƙasa ta yi baƙi da mai har ruwa ba ya shiga cikinta. Wayoyi kala-kala rataye a ƙusa kamar hanji. Fanka mara murfi. Bencin baƙi kujerar bayan wata mota ce da aka ɗora a kan bulo. Tabaransa da wayar jan ƙarfe ya ɗaure shi. Abu ɗaya ne mai tsabta a wurin, ƙaramar kwamfutar da yake bincika motoci da ita, tana naɗe a tawul cikin akwati. Likita yake kiranta.

Da ya ga Mama ta fito daga motar sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya goge tafukansa a wando, ya daɗe yana gogewa.

"Maman Auta, da kanki? Ai da kin aiko na zo."

"Zuwa na yi in gani da idona."

Ya kakkaɓe mata benci ta ƙi zama. Ta tambaye shi kai tsaye ko gaskiya ne abin da Auta ta faɗa.

Ya ce, "Da gaskiyarta. Wannan ƙirar, in wuta ta yanke mata gaba ɗaya, ko na ɗan lokaci ne, takan mance direbobinta. Kujera, madubi, suna, duka." Ya kalle ta ta saman tabarau. "Amma ba za ta yanke ba. Ni ma na san sunan da ke ciki. A gabana ya rubuta, yana tambayata yadda ake sa babban harafi."

Ya buɗe bonet ya ɗauko wani ƙaramin batir da wayoyi biyu masu baki irin na kada, ja da baƙa. Ya ce wannan ne zai riƙe mata rai kafin a sa sabon. Ya maƙala su a wasu ƙarafa biyu da ke gefen injin. Bakin jar wayar ya tsufa, ba ya cizo sosai.

"Ragowar Dogo, zo nan. Riƙe wannan. Ko ƙuda ya shiga hancinka kar ka saki."

Na riƙe da hannu biyu. Batir ɗin motar a but yake, ƙarƙashin shimfiɗa, don haka ba na ganin abin da yake yi a baya. Ƙarar sifana kawai nake ji, da nishinsa, da gudumar masu bugun ƙarfe. Rana tana dukan ƙeyata. Gumi ya gangaro cikin idona ya yi yaji, ban goge ba. Ta gilashin gaba ina hango Mama tsaye a gefe, makullin Baba a dunƙule a hannunta, idonta a kan allon.  Na ƙara danna yatsuna da ƙarfi har ƙarfen ya shiga fatata.

"Ka mutu ne a can?" in ji Rewaya daga baya.

"Ina nan, Kawu."

"Ubanka ma haka yake, ka ba shi riƙon abu sai ya manta da numfashi."

Da ya ce in saki, hannuna ya ƙi buɗewa sai da na taimaka masa da ɗayan. Aka rufe motar, aka kulle. Rewaya ya ce wa Mama bismillah. Ta danna. Kujerar ta ja baya, ta kwanta kaɗan. Madubai suka buɗe. Direban Madam.

Sai a lokacin ta zauna a bencin.

Rewaya ya warware Likita daga tawul, ya jona wayarta a wani ɗan rami ƙarƙashin sitiyari. Ya ce saura abu ɗaya, rajista.

Mama ta ce, "Rajistar me kuma? Batir ɗin ma makaranta za a sa shi?"

Ya yi dariya. Ya ce motar tana lura da batir ɗinta tun ranar da aka sa mata shi. Tana sane da tsufansa. Yadda yake gajiya, haka take ƙara matsa masa caji don ya jure. Yanzu an sa sabo, amma ita ba ta da ido a but, ba ta san an yi ba.

"In ba a gaya mata ba, za ta ci gaba da ɗura wa sabon abin da take ɗura wa tsohon. Kamar ki ɗauki maganin tsoho ki riƙa ba jariri ne. Dafa shi za ta yi. Shi ya sa ake danna nan, a ce mata wancan ya tafi, ga wani."

"A ce mata wancan ya tafi."

"Shi ke nan. Ba ya taɓa kujera, ba ya taɓa suna. Labarin tsohon batir kaɗai za ta rufe, ta buɗe sabo."

Ya juyo mata da fuskar kwamfutar. Tambaya ce a rubuce, da wurin dannawa biyu a ƙasa.

Mama ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Kada a gaya mata."

"Maman Auta..."

"Na ji bayaninka. Na gane, ba wai ban gane ba." Muryarta ba ta tashi ba. "Na gaya wa 'yan'uwansa. Na gaya wa banki. Na gaya wa makarantar Auta. Mai kawo mana ruwa ya tambaya na gaya masa. Fasinjojinsa har yau suna kira, yaron nan yana gaya musu, ina jinsa ta bango. Kowa ya sani. Ita kaɗai ce ta rage da ba ta san komai ya canza ba. Ku bar mini ita haka."

Na ce, "Mama, maganar batir ce fa kawai."

Ta kalle ni. 

Rewaya ya cire tabarau ya murza idonsa da bayan hannu. "Ba zai yi ƙarko ba. Ina gaya miki ne don kar gobe a ce ban faɗa ba."

"Na ji. In ya mutu a sa wani, ka riƙe mata rai kamar yau. Amma ka yi mini alkawari, don zumuncin da ke tsakaninku da maigidana. Ba za ka danna a bayan idona ba."

Ya mayar da tabaransa. Sannan ya zare wayar daga ƙarƙashin sitiyari ya naɗe Likita a tawul.

"Na yi," in ji shi.

Da farko ba a ga komai ba. Motar tana tashi da bugu ɗaya. Na ci gaba da kai mutane filin jirgi, ina ɗaukar musu jaka, suna ce mini ina dogon nan, ina gaya musu. Mama ta ci gaba da safiyarta. Har ƙiba ta ɗan yi. Auta ta ce wa ya sani ko Rewaya tsoratar da mu kawai ya yi, masu gyara ai ba sa son ka tafi ba su ƙara maka wani abu ba.

Amma a danja injin bai koma mutuwa da kansa ba. Ni kaɗai na lura.

Watanni suka shige. Wata rana na buɗe but zan sa akwatin wata mata, wari ya buge ni, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Matar ta toshe hanci ta ce ko na manta da cefane ne. Da na sauke ta na ɗaga shimfiɗar na taɓa batir ɗin. Da zafi kamar goshin mai zazzaɓi.

Na wuce layin makanikai kai tsaye.

Rewaya ya shinshina, ya taɓa, ya gwada da mitarsa. Bai ce na gaya muku ba. Da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Kawu, jona Likita ka danna. Ba za ta sani ba. Kai ka ce ba ya taɓa komai."

"Ba ya taɓawa."

"To?"

"To ni zan sani." Ya rufe but ɗin a hankali. "Ubanka ya taɓa ba ni ajiyar wata magana, na riƙe har ya koma ga Allah, kai ma ba za ka ji ta ba. Yanzu matarsa ta ba ni guda ɗaya tak. Je ka kawo mini ita, ta faɗa da bakinta. Ko ta waya ce na yarda."

"Zan kai wa wani."

"Kai mana. Akwai yaran can na bakin titi, su ma sun sayi kwamfuta. Makon jiya suka shiga gyara wa wani fitila suka goge masa makulli." Ya dafa kafaɗata, hannunsa da nauyi. "Ka yi mata magana, ɗana. Kuma kar ka bar motar nan ta kwana biyu ba a zagaya da ita ba. Batir ɗin nan ba ya riƙe abin da aka ba shi yanzu."

Na yi niyyar maganar. Na same ta a kicin tana yanka albasa, na tsaya a bakin ƙofa na shirya kalmomina. Ta juyo ta ce yau da ta kunna rediyon an sa wata tsohuwar waƙa da yake bi yana ɓata ta, har ta yi dariya ita kaɗai a mota kamar mahaukaciya. Tun rasuwar ban ji ta ambaci dariya ba. Na ce ruwa na zo sha. Na ce a raina gobe.

Goben ta same ni a kwance. Zazzaɓi ne, irin mai karya gaɓoɓi, wanda kake ganin silin yana matsowa. Ban san kwana nawa na yi ba sai da aka gaya mini. Auta ce ke ba ni magani tana cewa ashe guntaye ma ciwo yana samun wurin zama a jikinsu. Wayar Baba tana ta ruri a ƙarƙashin filo har ta gaji. Maganar Rewaya ta zo mini sau ɗaya cikin zafin, na buɗe baki in faɗa, barci ya ja ni.

Motar tana rumfa ba mai tada ta. Mama kuma, da yake ba wanda ke jiran ta fito, sai zamanta ya ƙara tsawo. Auta ta ce har rana takan ɗago tana ciki, allo a kunne, rediyo yana yi ƙasa-ƙasa.

Safiyar da na iya miƙewa, na jira har na ji ƙarar tsintsiya. Na fito ina bin bango, makullina a hannu. Na ce bari in zagaya da ita ko zuwa bakin titi ne.

Na danna.

Kujerar ta fara tahowa. Gurnaninta ya yi kauri, ya ja, ya ja, kamar mai magana cikin barci. Madubi ɗaya ya motsa ɗayan bai motsa ba. Allon ya yi fari, ya yi ƙifta. Sai komai ya ɗauke.

Kujerar ta tsaya a tsakiya. Ta baro wurin Baba, ba ta iso nawa ba.

Na sake dannawa. Na danna har babban yatsana ya yi zafi. Tsintsiyar ta yi shiru a bayana.

Na kira Rewaya. Ya ce, "Gaba ɗaya? Ko fitilar ciki?"

"Ko ita."

Na ji numfashinsa a wayar. "Ina zuwa."

A babur ya zo, sabon batir ɗaure a baya da roba, akwatin Likita rungume a ƙirjinsa. Bai gaisa da kowa sosai ba. Da ƙaramin makullin ƙarfe da ke cikin makullina muka buɗe ƙofar, ya kwantar da kujerar baya ya rarrafa zuwa but. Batir ɗin da ya fito da shi ya kumbura ta gefe biyu kamar cikin akuyar da ta ci leda. Ya ajiye shi nesa, jikin katanga.

Ya ɗaura sabon. Fitilu suka kawo. Agogon motar ya nuna sifili. Allon ya yi haske, ya tambayi harshen da muke so, kamar bai taɓa ganinmu ba.

Rewaya ya rufe ƙofofin ya kulle. Bai ce mata bismillah ba wannan karon. Mama ta fito da makullin daga bakin zaninta, ta danna.

Ƙofofi suka buɗe, ƙwas. Shi ke nan.

Ta tsaya tana jira. Mu ma muka jira tare da ita, duk da mun sani. Auta ta juya ta shige ciki da sauri.

Rewaya ya ce, "Maman Auta, da na..."

"Ka faɗa. A gaban yaron nan ka faɗa." Ta kalli akwatin da ke hannunsa. "Jona abin naka. Yanzu me ya rage da za a ɓoye mata? Gaya mata."

Ya jona. Tambayar nan ta fito. Ya danna da ɗan yatsansa mai baƙin mai, wani layi ya cika daga hagu zuwa dama, aka rubuta an gama. Ko numfashi uku bai kai ba. Abin da muka yi watanni muna kewayewa ke nan.

Yana naɗe wayar ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ana iya sake saita kujerar. Hannu ya yi ta da farko. Ki shiga ki zauna inda kike zama, ki riƙa faɗa, shi kuma yana matsawa. In ta yi daidai sai mu adana."

Na ga fuskarta ta ɗan buɗe. Ta zagaya ta shiga, ta gyara zama, ta ɗora hannuwa a cinyarta kamar mai ajiye jaka, alhali ba jaka a hannunta. Ni na durƙusa a bakin ƙofar direba, yatsana a kan maɓallan da ke gefen kujerar.

"Baya," ta ce.

Na ja baya.

"Ƙara. Ƙara. Tsaya. Kwantar da ita."

Na kwantar.

"Ya yi yawa. Ba kwanciya yake yi ba, tuƙi yake yi. Ɗago." Ta miƙa hannu cikin iska, saitin inda kafaɗarsa take zuwa. "Nan take kaiwa. In na juyo, kunnensa nake fara gani, ba hancinsa ba."

Na ɗago. Na ƙara baya kaɗan. Ta juyo ta kalli wurin da ba kowa, ta daɗe.

"A'a. Dawo da ita gaba."

Na dawo.

"Ba haka ba. Da ɗin ya fi."

Na mayar.

"Ko kuwa..." Ta kalli Rewaya ta taga. "Kai fa? Ai ka sha shiga."

Ya ce, "Ni kullum kaina a ƙarƙashin sitiyari yake, Maman Auta. Ƙafafunsa na sani."

Muka ci gaba. Gaba, baya, sama, ƙasa. Gwiwoyina suka fara ciwo a kan siminti, zazzaɓin yana neman dawowa. Kujerar tana bin umarni ba musu, da sabon ƙarfinta, ko gurnanin ya ragu. Duk inda na tsaida ta sai ya yi kama, kuma bai yi ba. Ni ma na rufe ido na nemo. Na tuna wuyan rigarsa, na tuna yadda yake buga sitiyari da zobe. Tazarar kujera ban tuna ba. Ban taɓa ajiye ta a kaina ba, tunda akwai mai ajiyewa.

Hannun Mama ya sauko daga iska a hankali.

"Kullum ina kallonta," ta ce. "Kullum da safe."

Ta sake kallon kujerar.

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Ta buɗe ƙofa ta fita. Ta zagayo ta gabana, ta ajiye makullin a kan kujerar, a tsakiya, kamar mai mayar da abin aro. Ta je ta ɗauki tsintsiyarta daga inda ta yar, ta ci gaba daga inda sharar ta tsaya.

Allon yana nan yana jira. Ya buɗe fili a rubuta sunan direba, wani ɗan layi yana ƙiftawa a farkonsa. Rewaya ya kalle ni, ya kalli filin. Na miƙa yatsa na taɓa harafin farko. Na goge. Rewaya ya ɗaure kumburarren batir ɗin a bayan babur ɗinsa ya tafi, ko ruwa bai sha ba.

Washegari na farka da wuri na kwanta ina saurare. Ƙofar ɗakinta ta buɗe. Takunta ya bi tsakar gida. Sai tsintsiya, nan take, ba tazara.

Wayar Baba ta yi ruri. Wani ne zai je filin jirgi. Na ce ina tafe.

Kujerar tana inda muka bar ta jiya. Na shiga na zauna a haka. Na miƙe ƙafa, ko birki ban taɓo ba. Na daɗe a wurin, ina kallon rufin kwano ta gilashi. Sannan na sa hannu a gefe na jawo ta gaba, har ƙafata ta kai.

Motar ta tashi da bugu ɗaya. A danjar farko na taka birki na tsaya, sai injin ya mutu da kansa, yadda ya saba a da. Motar ta yi tsit. Na zauna a cikin shirun, hannu biyu a kan sitiyari, har fitila ta canza, na baya suka fara danna mini hon.